Yawon da na sha tsakanin Garwa da Ngaundere kafin na gane abin da ya gurgunta min kaji

Jama'a ina rubuta wannan ne saboda masu kiwon kaji irina da ke haɗa abinci da kansu, musamman mu na nan Garwa da kewaye a arewacin Kamaru, domin wahalar da na sha da kuɗin motar da na ƙona da wani ya zaunar da ni na minti goma tun farko da ban sha ta ba. Ina da ɗan akurki a bayan gida, kajin nama nake yi, 500 a kowane zubi. Shekara uku ina sayen abincin buhu, to da kuɗinsa ya yi ta hawa sai na ce ai ni ma ina da hannu, masara ga ta a kasuwa, turton auduga, wato tunkuzar da ke ragewa in an matse mai daga ƙwayar auduga, a garinmu ake yinsa, dusar shinkafa tana zuwa daga Lagdo da Yagwa, waken soya ina soyawa a bayan gida, me zai hana. Wani abokina ya turo min lissafin haɗi a WhatsApp, na je shagon da ake sayar da kayan haɗin, na sayi piremis, wato garin bitamin da ma'adanai da ake zubawa a abincin kaji, da gishiri da garin ƙwanson kodi wanda muke ce wa kokiyaj, da na zo kan fosfat bikalsik, garin da ke ba kaza fosfor da kalsiyom na gina ƙashi, sai na ji kuɗin ya yi min nauyi. Na tambayi yaron shagon ko dole ne, yace a'a Alhaji, masara da turto ai cike suke da fosfor, ka ƙara kokiyaj kawai ƙashi zai yi ƙarfi. Na ji daɗin maganar don ta zo daidai da aljihuna. Maimakon kilo 2 na zuba kilo 4 na kokiyaj a kowane kilo 100, bikalsik kuwa ko giram ban saka ba.

Satin farko lafiya lau, har ina yi wa uwargida alfahari. Kwana 13 zuwa 14 na fara ganin wasu suna zama a kan gwiwa, in sun tashi su yi taku uku su sake durƙushewa, suna son abincin amma zuwa wurin mazubin ya zama aiki. Zuwa kwana 17 sun haura 60. Ba zawo, ba tari, ba kumburin ido, kawai ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Na kama guda ɗaya da daddare da fitilar waya, na taɓa bakinta sai na ji yana lanƙwasawa kamar roba, wallahi sai da gabana ya faɗi don ban taɓa jin bakin kaza haka ba.

Washegari na koma wurin masu sayar da maganin dabbobi, ba shagon farko ba, wani daban. Ban kai kaza ba, da baki na yi bayani, wannan shi ne kuskurena na biyu. Aka ba ni maganin ƙwayoyin cuta na zubawa a ruwa da bitamin, jaka 11 suka tafi, wato sefa dubu 11, aka ce in ƙara kokiyaj tunda matsalar ƙashi ce. Na ƙara. Kwana huɗu ina zuba magani abin sai gaba yake, ana kukan targaɗe sai ga karaya, don a lokacin ne suka fara mutuwa, galibi waɗanda ƙishi ya kama saboda sun kasa kaiwa ga ruwa, ga shi watan Maris ne, wanda ya san zafin Garwa ya san me nake nufi. Maƙwabcina kuma ya ce fakat ce in yanka in sayar tun da wuri, wata tsohuwa a layinmu ta ce baki ne.

Daga nan na nufi ofishin likitan dabbobi na gwamnati da ke kusa da mu. Ranar farko na je da matattu biyu a leda, sun kwana, likitan ma ya fita rigakafin shanu, na zauna a benci tun 9 har azahar. Mataimakinsa ya leƙa ledar ya toshe hanci yace Malam wannan ba abin da za a gani a ciki, zafi ya riga ya lalata su, ka dawo gobe da masu rai waɗanda ciwon ya kama sosai guda uku da mai lafiya guda ɗaya, ka zo da katin rigakafinsu da takardar da aka ba ka ranar da ka karɓi 'yan tsakin, da kuma lissafin abincin a rubuce. Ku riƙe wannan, don ba wanda zai faɗa muku sai kun je. Washegari da sassafe na kai su a kwali a bayan babur. Na biya jaka 3 na dubawa aka ba ni rasit. Dokta ya yanka su a gabana, ya buɗe, ya duba hanji da ƙoda da wata 'yar jaka kusa da dubura da suke dubawa in ana zargin cutar gumboro, duk lafiya. Ya duba jijiyar cinya saboda akwai cutar da ke kumbura ta ta shanye ƙafa, ita ma ba komai. Sai ya ɗauki ƙashin ƙauri ya lanƙwasa shi da yatsu biyu, bai karye ba, ya dai tanƙwaru kamar ɗanyen kara. Ya nuna min haƙarƙari, wurin da suke haɗuwa ya yi ƙulu-ƙulu a jere kamar carbi. Yace wannan ba cuta mai yaɗuwa ba ce, ƙashi ne bai samu abin gininsa ba, ko kalsiyom ko fosfor ko bitamin D, ɗaya daga cikinsu ya gaza ko kuma awonsu bai daidaita ba. Ya karanta lissafina ya tsaya a kan kokiyaj ya ɗago ya kalle ni, yace ina bikalsik? Na ba shi amsar yaron shago. Bai ce komai ba sai ya rubuta min takarda yace in dakatar da wannan abincin yau, in sayi na buhu ko da buhu biyar ne in ceci sauran, sannan in ina son in ci gaba da haɗawa da kaina in kai samfur labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a auna.

Da na bi maganarsa kawai na saka bikalsik na yi shiru da an wuce wurin, amma ina da kusan buhu 30 na haɗin a ɗaki, kuma zuciyata ba ta yarda ba, don na duba a waya na ga lallai turton auduga da dusar shinkafa suna da fosfor da yawa, to ta yaya za a ce babu. Na fara tambaya a Garwa, wani wuri suka ce su cututtuka suke aunawa ba abinci ba, wani wurin suka ce ƙasar noma suke aunawa kuma mai yin aikin ya tafi taro. Kwana uku ina zagaye. A ƙarshe ƙanina da ke karatu a jami'ar Ngaundere can Dang ya ce akwai labon binciken abinci da ke karɓar samfur daga mutanen waje in ka biya. Na tsaya na ɗebi samfurin yadda Dokta ya koya min, ba daga bakin buhu ɗaya ba, daga buhu goma, sama da tsakiya da ƙasa, na juye a kan tabarma na gauraya na raba huɗu na ɗauki biyu masu kallon juna, na sake yi har ya dawo kamar rabin kilo. Na zuba a leda mai kauri na rubuta suna da rana. Na kuma ɗebi masara daban, turto daban, dusa daban, wanda daga baya ya yi min amfani.

Motar asuba na shiga a ajans, wato tashar kamfanin motocin haya, jaka 4 a lokacin, tafiyar kusan kilomita 280 ce amma sai da muka ci awa shida, hawan tsaunin nan da ake ce wa falez direba yana jan mota kamar mai jan guga, muna isa sama sanyi ya buge ni na tuna ban ɗauko riga mai kauri ba. Na isa labo wajen ƙarfe ɗaya, sakatariya ta ce sai na rubuta demand, wato takardar roƙo, da Faransanci zuwa ga shugaban labo, in faɗi ko ni waye, menene samfurin, da abin da nake so a auna ɗaya bayan ɗaya, in haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa. Ƙanina ya rubuta min. To a nan na tafka kuskuren da ya ja min tafiya ta biyu, na ce ya rubuta kalsiyom da fosfor, shi ke nan. Shugaban bai dawo ba sai washegari, na kwana a ɗakin ƙanina a kan tabarma. Da safe aka sa hannu, aka tura ni wurin biyan kuɗi a wani gini daban, jaka 7 kowane awo, biyu jaka 14, na dawo da rasit aka liƙa wa ledar lamba, aka ce kwana goma. Kwana goman nan sai da suka zama 19, saboda awon fosfor sai an ƙona samfurin a wata tanda mai zafin digiri 550 har ya zama toka, a narka tokar a ruwan asid, a zuba wani sinadari ya canza launi sannan na'ura ta karanta, to in wuta ta ɗauke tandar na tsaka da aiki sai a sake daga farko. Ni dai kullum ina kiran ƙanina har ya fara ƙin ɗauka.

Ranar da ya turo min hoton sakamakon na zauna a ƙofar akurki ina kallo. Kalsiyom giram 17 a kowane kilo, fosfor giram 5.4. Na tuna Dokta ya ce ɗan tsakon nama a farkon rayuwarsa yana buƙatar kalsiyom wajen giram 10, fosfor wajen 4.5. Na ce to ai ga shi nan, 5.4 ya fi 4.5, yaron shago ya yi gaskiya, likita ne bai gane ba. Har na ɗauki takardar na tafi ofishinsa da ɗan zafina. Ya karanta ya yi dariya yace Alhaji ka karanta kalmar da ke gaban fosfor ɗin, an rubuta jimla, wato duk wanda ke ciki, tanda ba ta san wanda kaza za ta iya ci da wanda ba za ta iya ba, komai ta ƙone ta ƙirga. Shi 4.5 ɗin da na ce maka na wanda cikin kaza ke iya ɗauka ne. Ka koma ka ce a auna maka asid fitik, wasu suna cewa fitat. Ban taɓa jin kalmar ba a rayuwata, sai da ya rubuta min a bayan rasit.

Na sake shiga mota. Sabon demand, sabon kwafin kati, sabon layi wurin biya, wannan karon jaka 10 saboda sinadarin awon ya fi tsada, na kuma ƙara kuɗi aka haɗa da masara da turto da dusar da na kawo daban. Allah ya taimake ni ragowar samfurina na nan ba a zubar ba, shi ya sa nake cewa ku roƙe su su ajiye muku. Ina zaune a baranda ina jiran a liƙa lamba sai ga wani dattijon malami ya fito da kofin shayi, bafulatani ne amma Hausarsa ta fi tawa, ya ga leda a hannuna ya tambaye ni. Na ba shi labari tun daga yaron shago. Yace zo mu zauna ɗana, wannan abin da ya same ka shi nake koyar da ɗalibai shekara da shekaru. Ya aika aka samo masa ƙwayar masara, ya jiƙa ta a ragowar shayinsa, ya tsaga ta da reza, ya nuna min ɗan farin idon nan mai maiƙo da ke gefe, wanda tsiro ke fitowa daga cikinsa. Yace kusan duk fosfor ɗin masara a nan yake, fiye da kashi 80 cikin 100 na fitat ɗinta, farin garin da muke tuwo da shi ɗan kaɗan ne a ciki. Shinkafa da alkama kuma nasu yana cikin siririyar fatar da ke ƙarƙashin ƙaiƙayi, wadda ke tafiya cikin dusa in an surfa, shi ya sa dusarka ta fi kowa yawansa. Wake da soya nasu a bazu yake cikin ɓari biyun nan na ƙwayar, ba ka iya surfe shi.

Na ce to Malam in yana nan me ya hana kazata ta ci. Yace ai ba don kazarka aka ajiye shi ba. Ƙwaya guzuri ce da uwa ta ɗaure wa ɗanta, ɗan tsiro in ya fito ba shi da saiwar kirki, fosfor kuma ba ya tafiya a ƙasa kamar yadda gishiri ke bin ruwa, maƙalewa yake, sai saiwa ta je har inda yake, don haka kwanakin farko da guzurin nan tsiro ke rayuwa. Shukar tana gab da nuna sai ta fara kwashe fosfor daga tsofaffin ganyenta da kara tana aikawa cikin zangarniya, shi ya sa in ka girbe hatsi ka kwashe mafi yawan fosfor ɗin da shukar ta sha daga gonarka. Amma ba za ta iya jibge shi a sake cikin ƙwaya ba, don in ya yi yawa a sake yana taka wa aikin haɗa sitaci birki, ƙwayar ba za ta cika ba. Sai ta ɗauki sukari ta juya shi zuwa wani zobe mai suna inositol, mai hannu shida, ta ɗaura fosfat ɗaya a kowane hannu. Ya zana min a bayan ambulan, zobe da ƙahoni shida. Wannan shi ne fitat. Akwai wata ƙofa ta musamman da ke tura shi cikin wasu ƙananan jakunkuna a cikin ƙwayar, ya dunƙule a can tare da potasiyom da magniziyom da ƙarfe da zink, ya kwanta har damina. Tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na fosfor ɗin ƙwayar hatsi da wake a haka yake kulle.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da yace shukar tana da awonta. Na tambaye shi ne ko in na sayi masarar da aka yi wa taki sosai matsalata za ta kau, yace a'a, in ka ƙara wa gona taki fosfor ɗin ƙwaya zai ƙaru amma kusan duk ƙarin cikin fitat yake shiga, wanda ke sake yana nan kusan yadda yake, kamar mai gida ne da ke barin kuɗin cefane daidai a aljihu duk abin da ya ƙaru ya kai asusu. Kuma daga wannan zoben dai shukar ke yin wasu 'yan uwansa masu ɗauke da fosfat bakwai ko takwas, su ne 'yan aike, in sun yi yawa a jiki alama ce an ƙoshi sai a rage jawowa daga saiwa, in sun ragu sai a buɗe ƙofofin saiwar. Yace a shinkafa ma masu bincike a jami'ar Okayama ta Japan sun gano wata ƙofa a gaɓar kara da ke karkatar da fosfor zuwa ƙwaya, sun wallafa a 2017, da suka rufe ta fosfor ɗin ƙwaya ya ragu da wajen kashi 20 zuwa 30 ya tsaya a kara da ganye, amfanin gonar bai faɗi ba. A Amurka kuma tun shekarun 1990 aka samo masarar da ba ta iya kulle nata da kyau, jimlar fosfor ɗin na nan amma mafi yawa a sake, kaji sun ji daɗinta, sai dai irin yakan yi rauni wajen tsirowa kuma amfani kan ragu, shi ya sa ba ta cika kasuwa ba. Ni dai ina ta gyaɗa kai, rabi na gane rabi sai da ƙanina ya sake min bayani da daddare.

Makullin kuma yana nan, wani sinadari ne mai suna fitaz. In ƙwaya ta sha ruwa ta fara tsira sai ta tayar da shi ya dinga ɓalle fosfat ɗin ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa tsiro. An fara gano shi ne a 1907 a dusar shinkafa a Japan. Saniya da tunkiya da akuya suna da ƙananan halittu a tumbinsu masu yin fitaz, shi ya sa masu turkar raguna ke ba su turto da dusa ba abin da ke samun ƙafarsu. Kaza da ɗan Adam kuwa abin da cikinsu ke yi bai taka kara ya karya ba, mafi yawan fitat ɗin yadda ya shiga haka yake fita a kashi. Na ce ai na soya waken soyana sosai, yace suya tana kashe wani abin daban mai hana narkewar abinci, fitat ba ya jin wuta irin wannan. Da na faɗa masa na ninka kokiyaj sai ya ajiye kofin yace to nan ka ƙarasa su, kalsiyom in ya yi yawa a hanji haɗuwa yake da fitat su dunƙule, ɗan abin da kazar za ta tsinta ma ya gagare ta. Wato duk lokacin da nake ƙara kokiyaj don in gyara ƙashi ƙara karya shi nake, garin neman gira na rasa ido.

Sakamako na biyu ya fito bayan kwana 12, wannan karon ban je ba, ƙanina ya karɓa da rasit ɗin da na bar masa, in ba rasit na asali ba sa bayarwa ko da sun san fuskarka. An rubuta asid fitik giram 12.8 a kilo. Nan ma akwai tarko, kada ku cire wannan lambar kai tsaye daga jimlar fosfor, don nauyin zoben ne duka, fosfor ɗin da ke ciki kusan kashi 28 cikin 100 ne, sai ka ninka da 0.28. Nawa ya ba da 3.6. In ka cire daga 5.4 saura 1.8. Wato 'yan tsakina suna neman 4.5 ina ba su 1.8, ga kalsiyom 17 a kai. Na zauna na kalli lambar nan na tuna da 83 da na binne a bayan katanga da sauran da suka tsumbure na sayar da su a araha, hawaye bai zo ba amma abinci bai shiga ba ranar.

Na koma wurin Dokta da takardun biyu, wannan karon da sallama a hankali. Muka zauna da biro. Bikalsik yana da fosfor wajen kashi 18 cikin 100, giɓin da nake da shi 2.7 ne a kilo, ya kama kilo ɗaya da rabi a kowane kilo 100 na abinci, kuma tunda shi ma yana ɗauke da kalsiyom sai kokiyaj ya sauka zuwa kilo ɗaya da rabi. Buhunan da ke ɗaki ba mu zubar ba, mun sirka su da sabon haɗi marar kokiyaj har awon ya sauko, muka ba manyan da suka rage. Ya kuma ce in rage dusar shinkafa ga ƙanana. Na tambaye shi batun fitaz na saye, yace akwai, tun 1991 aka fara sayar da shi a Holan saboda kashin dabbobinsu ya cika ruwa da fosfor, daga wani naman gwari ake samo shi, kuma yana rage yawan bikalsik ɗin da za ka saya amma ba ya maye gurbinsa duka. Matsalarsa a wurinmu biyu ce. Na farko awon ƙanƙane ne, irin wanda na samu giram 100 ne a ton guda, wato giram 10 a kilo 100, in ka watsa shi haka da shebur wata kazar ta samu wata ta rasa, sai ka fara cuɗa shi da kofi ɗaya na gari, kofin a cikin kwano, kwanon a cikin bokiti, har ya kai ga tarin. Na biyu zafi da laima suna rage masa ƙarfi, wanda ya shekara a shagon kwano a Garwa ban san me ya rage a cikinsa ba, don haka ku duba kwanan wata. Ni daga Yawunde aka sako min a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere tare da 'yan tsakin wani, ƙanina ya ɗora a mota. Kuma ku karanta jikin buhun piremis ɗinku tukuna, wasu an riga an saka fitaz a ciki, nawa na farko babu.

Da na dawo gida ina ba Inna labarin zobe mai hannu shida da makulli, tana tace gasara, ta saurare ni har na gama sannan ta ce to ai shi ya sa ba a dama wa yaro kunu da ɗanyen gari, sai an jiƙa gero ya kwana ya yi tsami, ku dai sai kun biya kuɗin mota. Na tambayi malamin a waya yace gaskiyarta ne, jiƙo da tsami da tsiro duk suna rage fitat, kuma ga mutane abin da ya fi damunsu shi ne ƙarfe da zink da fitat ke riƙewa, musamman yara da masu ciki da abincinsu kusan duk hatsi ne. Na gwada tsirar da dawa kwana uku a buhun algarara in shanya in haɗa wa kaji, amma masara da dawa nasu fitaz ɗin kaɗan ne in aka kwatanta da alkama, ga aikin shanya, ga tsoron fumfuna, na kaji 500 ba zai yiwu min ba, na bar shi ga kajin gidan uwargida guda tara.

In na haɗa lissafi, mota sau biyu zuwa da dawowa, awo, magungunan da ba su da amfani, abincin buhu na gaggawa, ban da kajin da suka mutu, ya haura jaka 120, bikalsik ɗin da na gudu kuwa na duk zubin bai kai rabin wannan ba. Wanda zai bi wannan hanyar ya fara da likita da kaji masu rai ba da shagon magani ba, ya je labo ranar Litinin ko Talata don sa hannu kan ɗauki kwana, ya rubuta a demand ɗin tun farko kalsiyom, jimlar fosfor, da asid fitik, duka uku, ya yi kwafin kati biyu, ya ɗauki hoton rasit kafin ya miƙa wa kowa. In mutum uku ko huɗu masu sayen kaya wuri ɗaya kuka haɗa kuɗi kuka auna turto da dusar ya fi sauƙi, mu yanzu haka muke yi duk sanda aka canza inda ake kawo dusa. Zubin da ke akurki yanzu yau kwanansu 24, jiya da daddare na kama guda biyar na matsa bakinsu da yatsa kamar yadda na saba tun wancan lokacin, duk da tauri, ɗaya ma ta tsattsage ni a babban yatsa. Yaron shagon har yanzu a wurinsa nake sayen kokiyaj, na kai masa kwafin takardar labo ya liƙa a bango kusa da sikeli, amma shekaranjiya na ji shi da kunnena yana ce wa wata mata turto cike yake da fosfor.